Idan Alƙalami Ya Cije: Yadda Ake Gano Dalili da Yadda Ake Warware Shi

Akwai ranar da marubuci zai buɗe littafinsa ko wayarsa, ya karanta layin da ya tsaya jiya, ya rubuta jimla ya goge, ya sake rubutawa ya sake gogewa, daga ƙarshe ya rufe ya shiga WhatsApp. Idan kwana ɗaya ne ko biyu, ba abin damuwa ba ne. Idan aka shafe mako biyu ana haka, alƙalami ya cije ke nan. Abin da akasarin marubuta suke yi a wannan gaɓa shi ne su ce ilhama ce ta ɗauke, sai a jira ta dawo, kuma wannan jiran ne yake mayar da tsaikon mako biyu ya koma na shekara. Labarai nawa aka fara saki a rukunonin karatu, aka kai shafi na 30 ko na 40, sannan aka ji ɗif har yau?

Abubuwa daban-daban ne suke tsayar da rubutu, kuma maganin wani yakan tsananta wani. Wanda gajiya ta tsayar, in aka ce ya ƙara dagewa, an ƙara masa lodi. Wanda tsoro ya tsayar, in aka ce ya je ya huta, an ba tsoron wuri ya miƙe ƙafa. Don haka kafin a nemi magani, sai a fara gano inda abin ya maƙale.

Gwajin farko: rabin awa da biro da waya

Ku zauna inda kuka saba rubutu, a lokacin da kuka saba, ku yi abubuwa uku bi da bi.

Ku fara da rubuta wani abu da ba shi da alaƙa da aikin da ya tsaya, na tsawon minti 10. Wasiƙa zuwa ga ƙanwa, bayanin yadda layinku yake kasancewa da magariba, ko faɗan da aka yi a gidan biki. Idan wannan ya tafi ba gargada, hannunku da basirarku lafiyarsu ƙalau, matsalar tana cikin wancan aikin. Idan shi ma ya gagara, ku fi zargin jiki da zuciya: barci, damuwa, gajiya.

Sannan ku kunna na'urar ɗaukar murya ta waya, ku ba da labarin abin da zai faru a fitowa ta gaba (wato yankin labari da yake faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya) da baki, kamar kuna gaya wa ƙawa ko aboki, cikin minti biyu. Wannan gwajin ya fi sauran fallasa gaskiya. Wanda ya iya faɗa tiryan-tiryan, wane ya shigo, ya ce kaza, wance ta yi kaza, ya san labarinsa, abin da ya hana shi rubutawa tsoro ne ko yawan gyara. Wanda ya tsinci kansa yana cewa "to daga nan dai abubuwa za su dagule" ko "sai a nuna tana cikin damuwa", bai san abin da zai faru ba. Wannan ba fitowa ba ce, fata ce kawai.

Na uku, ku tuna abin da kuke yi a zahiri duk lokacin da kuka zauna. Kuna rubutawa kuna gogewa? Kuna komawa babi na farko kuna ta gyara shi? Kuna kaiwa wani wuri takamaimai, kamar kotu ko asibiti, sai ku tsaya? Ko ma buɗe fayil ɗin kuke gudu, gabanku yana faɗuwa in kun tuna da shi? Kowanne yana nuna wani abu dabam, kuma ga su nan tafe.

Idan laifin yana cikin labarin

Wannan ya fi kowanne yawa a ƙagaggen labari, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Marubuci ya tsaya a babi na 14, sai ya ɗauka babi na 14 ne mai wahala. Mafi yawan lokuta kuskuren yana baya, babi biyu ko uku, a inda aka tilasta wa wani tauraro ya yi abin da ba halinsa ba ne don kawai labari ya bi ta inda marubuci yake so. Daga wannan wurin marubucin ya daina sanin mutumin da ya ƙirƙira, shi ya sa ba ya jin muryarsa.

Ga yadda ake nemo wurin. Ku ɗauki takarda, ku ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa. Ku bi fitowa goma na ƙarshe da kuka rubuta, kowace ku ba ta layi ɗaya tak, ku cike: wane ne mai fitowar, me yake so a cikinta, me ya tare masa hanya, me ya canja kafin ta ƙare. Kada ku sake karanta labarin don jin daɗin salonsa, guraben kawai za ku cike. Aikin ba ya wuce awa ɗaya. Idan kun gama, ku nemi abubuwa biyu: layin da kuka kasa cike gurbin "me yake so", da layukan da gurbin "me ya canja" ya zauna fayau sau biyu ko uku a jere. A nan labarin ya mutu, ko da kun ci gaba da rubutu bayansa.

Mu ɗauki misali. Marubuciya tana rubuta labarin Hindatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da gida ɗaya, ƙaninsa Sabo kuma yana so a sayar da gidan. Tun daga babi na 1 an gina Hindatu a matsayin mace mai ido, uwar adashi, wadda ko canjin naira ashirin ba ta bari. A babi na 11, tana cikin takaba, Sabo ya zo ya ce ta ba shi takardun gida ya adana, ta ɗauko ta miƙa masa. Babi na 12 kuka ne, na 13 ma kuka ne da jaje, na 14 ya ƙi rubutuwa. Takardar layi huɗu za ta nuna cewa a babi na 11 babu abin da Hindatu take so. Marubuciyar ce take so takardu su koma hannun Sabo, sai ta ari hannun Hindatu ta miƙa.

Gyaran kamar na ɗinkin hula ne: in zare ya bi inda bai dace ba, sai an farke har zuwa inda aka kauce, ba a ɗora sabon ɗinki a kan karkatacce. Ku kwafe duk abin da ya biyo bayan babi na 11 ku ajiye a wani fayil dabam, kada ku goge, don wasu jimlolin za su yi amfani daga baya kuma sanin suna nan yana rage zafin yankan. Sannan ku rubuta hanyoyi goma da fitowar za ta iya bi. Goma cif, ba uku ba. Ukun farko kusan kullum abin da kowa ya taɓa karantawa ne: ta hana, ya ƙwace da ƙarfi, ya sace da dare. Daga na shida zuwa sama ake fara samun abin da ya dace da waɗannan mutanen kaɗai. Ta ba shi kwafi ta ɓoye na asali. Ta ce takardun suna hannun mai unguwa, alhali suna ƙarƙashin katifa, yanzu dole ta nemi mai unguwa ya rufa mata asiri. Gwaggon mijin ce ta roƙe ta a gaban mutane, ta yadda hanawa zai zama rashin kunya. Ku zaɓi wadda ta fi jefa tauraruwar cikin sabuwar matsala ta dalilin shawarar da ita kanta ta yanke. Labarin da abubuwa suke ta faɗo wa tauraro yana zaune yana kuka ba ya daɗewa bai tsaya ba, domin marubuci ne kaɗai yake ɗauke da shi.

In jerin goman ya gagara, ku sake rubuta fitowar ta bakin Sabo, shafi ɗaya, ba don ya shiga littafin ba. Wane bashi ake bin sa? Me ya sa yake ganin yana da gaskiya? Sau da yawa labari yana cijewa ne saboda abokin hamayya ba shi da wata buƙata da ta wuce mugunta, kuma mugunta zalla ba ta samar da mataki na gaba.

Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad ko Facebook suna da ƙarin matsala, domin babi na 11 ya riga ya fita, mutane sun karanta, ba ya farkuwa. Hanya biyu ce ta rage. Ko a samar wa abin da ya faru dalilin da mai karatu bai sani ba a lokacin, wato a bayyana daga baya cewa abin da Hindatu ta miƙa ba shi ne na ainihi ba. Ko a bar shi a matsayin kuskurenta, ta gane shi da kanta, jin haushin kanta ya zama abin da zai tayar da ita tsaye. Abin da ba ya aiki shi ne a yi kamar ba a yi ba, ko a kawo hatsarin mota ko aljani don a rufe ɓarakar. Rigakafin wannan kuwa shi ne kada a fara saki sai ana da aƙalla shafi 10 a ajiye, kuma a riƙe wannan tazarar har ƙarshe. Mai rubutawa da dare ya saki da safe ba shi da damar gyara ko kuskure ɗaya.

Akwai kuma cijewar da take zuwa daga rashin sanin ƙarshe. Ba dole ba ne a tsara kowane babi tun farko, marubuta da yawa ba sa yi, amma wanda ya kai tsakiya ya tsaya ya kamata ya rubuta fitowar ƙarshe yanzu, ko da a gurguje. Sannan ya taho da baya: kafin wannan ta faru, me ya zama dole ya faru? Kafin waccan fa? Matakai biyar ko shida sukan haɗe da inda aka tsaya.

A gajeren labari matsalar takan zama akasin haka, kaya ne suka fi ƙarfin mazubi. Masu shirin shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, sukan ɗauko rayuwar mace tun daga haihuwa har zuwa aurenta na biyu su ce za su zuba cikin kalmomin da ba su wuce 1,500 ba. Sai a kai kalma 900 tauraruwa ba ta gama firamare ba, a tsaya. A zaɓi rana ɗaya ko shawara ɗaya a rayuwar tata, mutum uku, wuri biyu. Sauran tarihin jimla huɗu ta ishe shi.

Idan rashin sani ne

Alamarsa a fili take: rubutu yana tafiya har sai an zo ƙofar wani wuri da marubuci bai taɓa shiga ba. Ɗakin tiyata, ofishin 'yan sanda, zauren kotu, rumfar dillalan hatsi. Ba a iya ƙaga abin da ba a san ƙashin bayansa ba, kuma zaman tunani ba ya kawo shi.

A labarin Hindatu, marubuciyar da ba ta san rabon gado ba za ta maƙale a ƙofar kotu. Da za ta tambayi malamin da ya san mirasi, za ta ji cewa sai an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya kafin a raba, kuma idan mamaci ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da ɗan'uwa shaƙiƙi, ba iyaye, ana kasa dukiyar kashi 24: matar ta ɗauki tumuni, kashi 3, 'ya'yan biyu su ɗauki sulusi biyu, kashi 16, ragowar 5 na ɗan'uwan ne. Da akwai ɗa namiji, Sabo ba shi da ko sisi. Wannan bayanin kaɗai ya sauya labarin. Sabo yana da haƙƙi na gaskiya a gidan, Hindatu ba za ta iya korarsa ba, sai dai ta nemo kuɗin da za ta fanshi kasonsa kafin a sa gidan a kasuwa. Ga abin da uwar adashi za ta yi faɗi-tashi a kansa babi goma.

Yadda ake wannan binciken ba tare da ya cinye rubutun ba: a rubuta tambayoyin da fitowar take buƙata, kada su wuce bakwai, a ba su kwana uku. A nemi mutum kafin a nemi intanet, ma'aikaciyar jinya, tsohon ɗan sanda, magatakardan kotu, direban babbar mota. A tambaye su abin da suke fara yi in sun isa wurin aiki, da kalmomin da suke faɗa wa juna, da abin da yake yawan lalacewa. In wurin ana shiga, a je, gani ya kori ji. Zaman safiya ɗaya a kotun shari'ar Musulunci zai nuna inda mai ƙara yake tsayawa, yadda ake kiran suna, tsawon jiran da ake yi a waje, da yadda ake ɗage zama. Ƙananan abubuwa kuwa, sunan magani ko nisan gari, kada su tsayar da ku. Ku sa alamar tambaya uku a wurin ku wuce, ku tara su ku bincika rana ɗaya.

Idan gyara ne ya riga rubutu

Wannan shi ne na mai rubutawa yana gogewa. Ya san labarinsa, ya faɗe shi da baki ba tangarɗa, amma kowace jimla sai ya auna ta kafin ya ƙarasa ta. A 1980 Mike Rose, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, ya yi nazarin ɗalibai goma, biyar masu cijewa biyar marasa cijewa. Ya gano cewa masu cijewar ba su gaza sauran sani ba, dokoki ne suka ɗaure kansu da su, irin su dole ne sakin layi na farko ya kama mai karatu kafin a ci gaba. Marubutan Hausa ma suna da irin nasu: dole kowane babi ya buɗe da yanayin gari, dole a sa karin magana a kowane shafi, dole a rubuta labari daga farko zuwa ƙarshe a jere, dole a tabbatar da ƙa'idar kowace kalma nan take. Duk waɗannan aikin zagaye na biyu ne.

A raba ayyukan biyu, a ba kowanne lokacinsa. Lokacin zubawa, a sa agogon waya minti 20, a kife wayar, a yi rubutun da biro a littafi, domin biro ba shi da maɓallin gogewa. Doka ɗaya ce: hannu ba ya tsayawa kuma ba a komawa baya. In kalma ta ɓace, a ja layi a wuce. In jimla ta yi muni, a bar ta da muninta. Ko "yake" ne ko "ya ke", ko "a kan" ne ko "akan", ko an sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, wannan duk na ranar tacewa ne. Minti 20 da biro yakan ba da kalma 300 zuwa 400. Zama biyu ko uku irin wannan sun isa fitowa guda. Sai washegari a kwafe a waya ko kwamfuta, kuma kwafewar ita ce gyaran farko.

Wanda bakinsa ya fi hannunsa sakewa ya yi amfani da muryar da ya ɗauka a gwajin farko. Ya saurara, ya rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Hirar taurari musamman takan fi daɗi ta wannan hanya, domin tana fitowa da karin harshen mutane maimakon Hausar takarda.

Game da jimlar farko kuwa, a bar ta sai ƙarshe. A fara daga inda wani ya buɗe baki ya yi magana.

Idan idon mutane ne

Wani marubucin ba jimla yake tsoro ba, mutane yake tsoro. Yaya za ta gane ita ce a labarin. Miji zai karanta. Masu sharhi sun yi ca a kan shafin jiya, rabi suna cewa a kashe wance, rabi suna cewa in aka raba wane da wance sun daina karantawa. Ko kuma littafin baya ya samu karɓuwa, ana jin wannan ba zai kai shi ba. Alamar ita ce faɗuwar gaba kafin a buɗe fayil, da tsayawa daidai fitowar da ta fi kowace muhimmanci.

A rubuta wannan fitowar a matsayin wadda ba wanda zai gani, a littafi dabam, da cikakkiyar gaskiyarta. Shawarar abin da za a fitar da abin da za a sassauta ta jira sai an gama, kuma shawara ce ta halal, domin marubuci yana zaune cikin dangi da unguwa, a Kano ma akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001. Amma ba a tace abin da ba a rubuta ba. Idan labarin ya samo tushe daga mutum na gaske, a canja aƙalla abubuwa uku manya: gari, sana'a, yawan 'ya'ya ko matsayi a gida. Wannan kariya ce ga mutumin, kuma yana sakin hannun marubuci.

Sharhin masu karatu a ware masa rana ɗaya a mako, bayan an gama rubutun ranar, ba kafin ba. Wanda ya karanta sharhi 200 da safe sannan ya zauna rubutu, muryoyi 200 ne a kansa. A zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu faɗin gaskiya, a ba su aikin da tambaya takamaimai: a wane shafi ka ji kana so ka ajiye? Wace magana ce ba ta yi kama da ta mai faɗinta ba? "Ya yi daɗi" ba ta gyara komai.

Idan jiki ne

Wanda ko wasiƙar minti 10 ta gagare shi, ya duba barcinsa na mako biyun da suka wuce kafin ya zargi basirarsa. Mai jego, mai jinya, mai jarrabawa, wanda ya yini a shago ya dawo ƙarfe tara, ba cijewa suke fama da ita ba, ƙarfi ne ya ƙare. A rage buri zuwa abin da zai yiwu, a matsar da rubutu zuwa lokacin da kai yake sabo, wanda ga mutane da yawa bayan sallar asuba ne kafin gida ya tashi. A kashe data kafin a fara. Tafiya a ƙasa ma tana taimakawa: wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford a 2014 ya nuna mutane sun fi kawo sababbin dabaru masu yawa suna tafiya fiye da suna zaune, ko da yake bai taimaka ba a tambayar da amsarta ɗaya ce. Wato tafiyar minti 20 ta dace da neman hanyoyin nan goma, ba da tace jimla ba.

Abu ɗaya ba a wasa da shi. Idan ba rubutu kaɗai ya fita daga rai ba, abinci da hira da duk abin da ake so a da sun daina daɗi, barci ya rikice, kuma an haura mako biyu a haka, wannan ya wuce batun adabi. A ga likita.

Masu rubuta waƙa

A rubutacciyar waƙa cijewa takan zo ne daga amsa-amo, wato gaɓar da layukan waƙa suke ƙarewa da ita. Mawaƙi ya zaɓi babban amsa-amo, wanda kowane baiti zai ƙare da shi, saboda ya yi masa daɗi a baitin farko, ya kai baiti na 8 kalmomin da suke ƙarewa da wannan gaɓar sun ƙare, ya fara murɗa ma'ana don ta shiga. Kafin a fara, a jera kalmomin da suke ƙarewa da gaɓar kuma suke da alaƙa da jigon. Waƙa mai baiti 30 tana buƙatar aƙalla kalma 40 a jerin. In ba su kai ba, a canja tun yanzu zuwa gaɓa mai yalwa irin "wa" ko "ya" ko "na". A ƙwar biyar, wato waƙa mai ɗango (layi) biyar a kowane baiti, a fara rubuta ɗango na biyar, mai ɗauke da babban amsa-amo da nauyin ma'ana, sannan a gina huɗun da za su kai gare shi. In kuma kari ne ya karye, ido ba ya ganinsa a takarda. A rera baitin da murya, inda harshe ya yi tuntuɓe nan ne gaɓa mai nauyi ta zauna a gurbin marar nauyi.

Komawa bakin aiki

Bayan an gano dalili an taɓa shi, kada a ce za a rama abin da ya wuce a dare ɗaya. Robert Boice, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya raba malaman jami'a masu fama da rubutu gida uku a wani bincike da ya wallafa a 1983: waɗanda aka ce su dakata, waɗanda aka ce su rubuta in sun ji sha'awa, da waɗanda aka ɗora wa rubutu a kan jadawali. Na ukun sun fi yawan shafuka nesa ba kusa ba, kuma sun fi samun sababbin dabaru. Dabara tana zuwa wa wanda yake kan aikin.

Tsarin mako biyu da ya dace da mai wasu hidimomi shi ne: kwana ukun farko kalma 150 kacal, a lokaci ɗaya a wuri ɗaya, ko da an ji za a iya fin haka a tsaya. Daga kwana na 4 zuwa na 7 a kai 300. Mako na biyu 500, da hutun kwana ɗaya. A riƙa rubuta adadin a bangon littafi. In an tsallake rana, ba a ninkawa washegari, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Yadda ake tashi daga zama ya fi yadda ake fara shi tasiri. Kada a tsaya a ƙarshen babi, inda gobe za a tarar da farin shafi. A tsaya a tsakiyar fitowa, lokacin da aka san abin da zai biyo baya, a rubuta layi biyu a ƙasa: Sabo zai shigo da dillali, Hindatu za ta ce a jira mai unguwa. Gobe minti biyun farko sun riga sun samu abin yi.

Wani lokaci duk an yi wannan aikin bai motsa ba. A nan ajiyewa tana da amfani, amma da sharaɗi biyu: a rubuta tambayar da ta gagara a jimla ɗaya a saman fayil ɗin, kuma a sa ranar dawowa, kwana 14 zuwa 21, a kalanda. A cikin wannan tazarar a ci gaba da zaman rubutu na kullum a kan wani ƙaramin aiki, gajeren labari ko maƙala, kada a buɗe sabon dogon littafi, domin sabon littafi kullum ya fi tsohon daɗi har sai shi ma ya kai babi na 14. Ranar da aka dawo, a karanta aikin daga farko a zama ɗaya, a takarda in da hali, ba tare da gyara ko harafi ba, sannan a sake cike takardar layi huɗu. Idan aka yi wannan zagayen sau biyu kuma har yanzu ba a iya faɗin abin da tauraro yake so a jimla ɗaya ba, a rufe aikin. A tsame fitowar da suka yi kyau a adana su a fayil mai suna da kwanan wata, a tura kwafi zuwa imel saboda ɓatan waya. In an riga an fara sakinsa, a sanar da masu karatu a fili cewa an dakatar, in kuma sun biya kuɗin karatu a mayar musu ko a ba su littafi na gaba a madadinsa.